Haƙoran Iya Mai Daddawa

Ina taunar haƙora cikin barci. Tun ina ƙarama nake yi, har yau da nake da 'ya'ya huɗu ban daina ba. Mijina ya sani, yarana sun sani har suna kwaikwayona idan suna neman tsokana. Bara wani likitan haƙori a Funtua ya leƙa bakina ya ce turamen haƙorana sun cinye kamar na tsohuwa, ya ba ni wata 'yar roba in riƙa sawa idan zan kwanta. Ya ce ba wani abin tashin hankali ba ne, yara da manya da yawa suna yi, wani gado ne, wani damuwa ce ke sa shi. Yana wanke hannu yake faɗa, ko kallona bai yi ba. Na fito daga wurinsa ina jin haushinsa, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne sauƙin da maganar ta yi a bakinsa, don ni na san abin da ta taɓa jawo wa wata mata, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu.

A Malumfashi na tashi. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara shida, saboda haka gidan namu kusan na mata ne. Yayana direba ne, yana jigilar masara da auduga zuwa Funtua, sai ya yi kwana uku ba mu gan shi ba. Akwai matarsa da ɗansu ɗan shekara uku, sai ni da Inna a ɗaki ɗaya. Sai kuma Gwaggo, yayar babanmu, wadda gidanta ke jikin namu. Katangar da ke tsakaninmu ta zube tun wata damina, ba a kuma gyara ba, don Gwaggo ta ce ta fi son ta haka. Ta nan take shigowa, sau goma a wuni, ba sallama.

Inna ta ɓoye taunar haƙorana kamar yadda ake ɓoye cikin shege. Ta ba ni maganin tsutsar ciki har na tsani warinsa, ta karɓo mini rubutu na sha, ba abin da ya canja. Akwai daren da ta ɗaure mini haɓa da ɗankwali, da ta haska fitila ta ga na yi kama da gawa, ta kwance shi tana salati. Daga nan ta haƙura da magani ta koma tsaro. Ba na kwana gidan kowa. Ko biki ake a dangi, 'yan mata suna baje tabarmi ana hira, Inna za ta ce kaina na ciwo, ta tasa ni gaba mu dawo gida. Ni kaina ban taɓa jin abin da kunnena ba, na san da shi ne kawai kamar yadda mutum ya san da ƙeyarsa.

Dalilin Inna ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a wajenmu. Mai taunar haƙora da dare ba a ce masa komai a gaban idonsa. A bayansa ake tambaya: to me yake ci? Daga nan sai maganar maita, wai kurwar mutane yake tauna. Kuma kowa ya san abin da ake cewa, maita a nono ake shan ta. Idan aka ce 'yarki mayya ce, ke aka fara faɗa wa. Inna bazawara ce mai 'ya mace a gabanta, ba ta da namijin da zai tsaya ya tsawata a kan sunanta, don haka tsoronta ba na banza ba ne.

Mutum ɗaya tak Inna ke bari ya kwana a ɗakinmu, ita ce Iya mai daddawa. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Inna 'yar wani ƙauye ce bayan garin Ƙarfi, inda gonakin Musulmi da na Maguzawa ke haɗa iyaka, Iya kuwa Bamagujiya ce. Tare suka yi tsintar kalwa, tare suka yi ɗiban ruwa, da aure ya raba su ƙawancen bai rabu ba. Duk jajiberin kasuwa Iya za ta iso da la'asar sakaliya da kwandon daddawarta, ta kwana wurinmu, da safe ta wuce kasuwa. Gajeriya ce, kakkaura, mai babbar murya, tun daga zaure ake jin dariyarta, warin daddawa kuwa yana riga ta shigowa. Ba ta salla, amma ita ke tashin Inna da asuba, har ta zuba mata ruwa a buta. Ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba: gyaɗa, rake, ɗinya, abin da dai gona ta bayar. Ɗan yayana idan ya ji muryarta, ko tuwo ne a hannunsa sai ya yar ya ruga. Gwaggo ba ta son ta, tana cewa ita ba ta ga abin da ya haɗa mai salla da mara salla ba, amma ban taɓa ganin ta mayar da daddawar da Iya ke ba ta kyauta ba.

Iya ma tana taunar haƙora. Wannan mu uku kaɗai muka sani. Da safe Inna kan ce mata, “Ke dai kin kwana kina niƙa,” ita kuma ta ce, “To ina garin?” su yi dariya, maganar ta mutu a ɗaki.

Shekarar da na cika goma sha takwas aka sa ranar aurena, bayan kaka. Ina son yaron, yana sona, malamin firamare ne. Ya saya mini 'yar ƙaramar waya mai ɗaukar murya, ni kuwa na haukace a kanta. Na ɗauki carar zakara, na ɗauki Gwaggo tana faɗa da akuya, na ɗauki matar yayana tana waƙar daka. Ni a lokacin bakina ba ya shiru, kuma ba abin da nake so kamar in faɗi magana a kwashe da dariya. Wani dare sauro ya tashe ni, na ji Iya tana abin nata, gurus, gurus, ta tsaya, ta sake. Na jawo wayar daga ƙarƙashin matashi na kara kusa da bakinta. Ban yi wani dogon tunani ba.

Washegari, bayan ta tafi kasuwa, na kunna wa matar yayana na ce ta cinka mene ne. Ta ce jaki ne ke cin kara. Da na gaya mata ta yi dariya har da riƙe ciki. Da yamma na kai shi wurin kitso, inda ƙawayena ke taruwa. Wata ta ce injin markaɗe ne, wata ta ce ɓera ne a rumbu. Na bari sai da suka gaji, sannan na ce, “Iya mai daddawa ce ke barci.” Aka yi ta shewa. Biyu daga cikinsu suka ce in tura musu, na tura.

Na sha tambayar kaina abin da ya sa. Son a yi dariya yana ciki, ba na musu. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ya fi muni. Na ji daɗin a ce abin nan na wani ne. Shekara da shekaru ana ɓoye ni saboda shi, ga shi yau ina cikin masu dariya, ba ni ake yi wa ba. Daɗin nan na ji shi har cikin raina, kuma shi nake fi jin kunyarsa.

Gwaggo ta ji abin da na ɗauka kwana biyu bayan haka, matar yayana ce ta sa na kunna mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, “Uhm,” ta tashi ta bi ta katanga ta tafi. Da Inna ta samu labari ta ja ni ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce, “Ke wace irin wawiya ce? Goge shi yanzun nan.” Na ce na goge. Ƙarya nake, yana nan.

Aka yi mako uku. Damina ta ja baya, ana karyar masara, sauro ya yi yawa, kusan kowane gida da mai zazzaɓi. Iya ta zo kamar kullum, ta kawo dafaffiyar gyaɗa, ta ɗauki ɗan yayana ta ɗora a cinya tana ɓare masa. Jikinsa da ɗan zafi tun lokacin, ita ce ma ta fara cewa a ba shi magani. Da safe ta tafi kasuwa. Hantsi bai gama ɗagawa ba yaron ya fara jijjiga. Idanunsa suka juye, haƙoransa suka datse, ko cokali ba ya shiga. Uwarsa ta kurma ihu. Kafin ka ce me, gidan ya cika da matan unguwa. Da jijjigar ta lafa ya koma sambatu, kuma abin da ke fita daga bakinsa shi ne, “Iya, Iya.” Wa zai kira in ba ita ba? Ita ta ba shi gyaɗa jiya.

Gwaggo ta miƙe tsaye ta ce, “Kun ji da kunnenku. Ya faɗi mai shi. Ku dubi haƙoransa, ku tuna abin da yarinyar nan ta ɗauko a waya.” Nan na gane ashe rabin matan da ke wurin sun riga sun ji shi. Inna ta ce, “Haba Yaya, zazzaɓi ne,” amma a hankali ta faɗa, kamar mai neman izini. Gwaggo ta ce, “Ke kika jawo mana ita gida, ki yi mana shiru.” Sannan ta juyo gare ni ta ce in je kasuwa in kira Iya, in ce Inna ke nemanta, kada in kuskura in ƙara ko kalma ɗaya.

Na je. Da ƙafata na je. Na same ta zaune a bayan kwandonta tana ciniki, tana zolayar wata mata da ke neman gyara. Da ta gan ni ta ce, “A'a, amarya, mi ya hiddo ki cikin rana?” Na ce Inna ke kira. Ta ce, “Lahiya dai?” Na ce lafiya lau. Ta bar wa maƙwabciyarta kwandon, ta biyo ni. A hanya tana ta ba ni labarin daddawar da ta ware mini ta biki, wai ta zaɓi kalwa mai kyau, ko shekara na yi ina miya ba za ta ƙare ba. Ina gaba tana baya, ban juyo ba har muka iso.

Ta shiga da gaisuwarta, ba wanda ya amsa. Ta ga yaron a kwance a tsakar gida kan tabarma, ta nufe shi, mata biyu suka tare ta. Gwaggo ta ce, “Ki sakar mana yaro.”

Iya ta ce, “In saki wa?”

Gwaggo ta miƙo mini hannu ta ce in kawo wayar. Ban ce na goge ba, ko wannan ƙaryar da za ta yi amfani ban iya yi ba. Na kunna. Gidan ya yi tsit, sai gurus, gurus, gurus. Abin da ya ba mu dariya a wurin kitso, a nan tsakar gida da yaro kwance ya zama wani abu daban.

Iya ta saurara, ta ce, “Wannan mi ne?”

Gwaggo ta ce, “Ke ce. Ki gaya mana abin da kike ci.”

Ashe ita ma ba ta taɓa jin kanta ba. Ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana kallona.

Maganar tana bakina. Kalma huɗu ce: ni ma ina yi. Da na faɗe ta, da zancen Gwaggo ya wargaje, don ba za ta so a ce jinin ƙanenta ne ba, ko kuma da ya dawo kanmu ni da Inna. Ban san wanne zai faru ba, kuma ban so in gwada ba. Saura wata biyu bikina. Ƙanwar uwar wanda zan aura tana tsaye a bakin rijiya, ta harɗe hannu tana kallo. Na ji hannun Inna ya kama wuyan hannuna, farcenta ya shige mini fata. Na daɗe ina fakewa da wannan, ina ce wa kaina Inna ce ta hana ni. Ba gaskiya ba ne. Tun kafin ta taɓa ni na riga na yanke ba zan yi magana ba.

Iya ta ce, “Aradu ban taɓa yaron nan ba. Ɗana ne. Amma in tsallake ne zai kwantar maku da rai, ku matsa.”

Haka ake yi wa wanda ake zargi da maita, a sa shi ya tsallake mara lafiya, wai ta haka zai saki kurwar. Ta ɗaga ƙafa ke nan Gwaggo ta ce ba haka ake yi ba, da zane ba ya ci. Wasu suka ce haka ne. Iya ta sauke ƙafarta. Mace ce da ta haura hamsin, ta aurar da 'ya'ya, tana da jikoki. Ta kwance zanenta ta ajiye a ƙasa, ta cire riga, daga ita sai ɗan fatari. Ta tsallake yaron, ta dawo, ta sake, har sau uku. Aka miƙa mata ruwa a moɗa ta kuskure baki ta mayar, aka ɗiga wa yaron a leɓe. Duk wannan ina tsaye da waya a hannu.

Ta ɗaura zanenta ba gaggawa. Ta dubi matar yayana ta ce, “Ɗiyata, na yi maku abin da kuke so. Yanzu ki kai shi asibiti.” Ta fita. Ba ta sake duban inda muke ba.

Da azahar yayana ya iso, wani ya kira shi a waya. Da ya ji abin da aka yi ya yi faɗa kamar zai rushe gidan, ya ce mun zauna muna hauka yaro na mutuwa, ya saɓe shi sai asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne, jininsa ya yi ƙasa, aka yi masa ƙari. Kwana huɗu ya tashi yana neman koko. Na yi murna, Allah ya sani, na yi kuka don murna. Amma tun a asibitin na san abin da tashinsa zai jawo. Gwaggo ta bi gida gida tana cewa, “Kun gani? Tana tsallake shi ta sake shi.” Ba mai maganar ƙarin jini. Warkewar yaron ita ta zama shaidar da ta gama da Iya.

Kasuwa biyu ta ƙara zuwa. An ce ta wuni a bayan kwandonta ba wanda ya taya, mata suna janye 'ya'yansu idan za su wuce ta gabanta, wadda ke zama kusa da ita ta ɗauke kayanta ta canja wuri. Daga nan ba a sake ganinta a Malumfashi ba. Sana'ar da ta yi shekara talatin tana yi ke nan. Yayana ya ce wa Inna su je su ba ta haƙuri, zai kai ta a mota. Inna ta ce to, sai an kwana biyu. Ba a taɓa cika kwana biyun ba.

Ni da Inna muka ci gaba da kwana a ɗaki ɗaya har bikina, ba wadda ta ta da zancen. Ana saura kwana uku ɗaurin aure wata mata 'yar ƙauyensu ta kawo ƙwarya a rufe da faifai, ta ce saƙo ne, ta juya. Daddawa ce, cike fal. Inna ta tura ta ƙarƙashin gado kafin Gwaggo ta gani. Ba a sa ta cikin kayana ba, kuma ban tambaya ba.

Makona ɗaya a gidan miji a Funtua, da safe muna karyawa, mijina ya ce, “Ashe injin niƙa na auro ban sani ba.” Na ajiye kofin shayi ina jiran abin da zai biyo baya. Shi kuwa dariya yake, ya ce ƙanensa ma haka yake yi tun suna yara, ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta. Shi ke nan. Abin da aka yi shekara goma sha takwas ana ɓoyewa, abin da na tsaya ina kallo aka tuɓe tsohuwa saboda shi, ga iyakar nauyinsa a wurin mutumin da nake tsoron ya ji. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da ya kamata.

Wani zai ce daga nan sai in tashi in tafi wurinta. Ban je ba. Shekara goma sha biyar ina bin hanyar nan tsakanin Funtua da Malumfashi, ina zuwa ganin gida, suna, biki, ta'aziyya. Ƙarfi ba nisa. Kullum da uzurina: ga ciki, ga goyo, ga damina hanya ba kyau. Gaskiyar ita ce kunya, kuma kunyar tana ƙara nauyi duk shekarar da ta wuce.

Bara waccan Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ina jinyarta, wata rana da hantsi bayan na goge mata jiki, ta riƙe ni ta ce, “In na tafi, ki je ki ce mata ta yafe mani.” Ba ta faɗi ko wa ba, ban kuma tambaya ba. Bayan an yi arba'in na shiga mota zuwa Ƙarfi, daga nan mai babur ya bi da ni ta cikin gonakin dawa. Ina addu'a a hanya, rabi Allah ya sa tana raye, rabi kuma ban san me nake roƙo ba.

Tana raye. Na same ta a gindin ɗorawa a bayan gidansu, zaune kan buhu tana tsince tsakuwa daga kalwa. Ta rame, ta ƙanƙance, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta karkata kai ta ce in sake magana. Na sake. Ta ce, “Amarya ce?” Na ce ni ce. Ta ce, “Ina ƙawata?” Na gaya mata. Ta ajiye faifan, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba.

Na isar da saƙon Inna. Sannan na ce ina da nawa. Na tattara ƙarfina na faɗi maganar da ta maƙale mini tun ranar: “Iya, ni ma ina yi. Ni ma ina taunar haƙora, tun ina ƙarama. Ranar nan na sani, na yi shiru.”

Na ɗauka za ta yi mamaki. Ta ce, “To wa kike ba labari? Shekara nawa ina kwana ɗakinku? Kin hi ni ƙara nesa ba kusa ba. In kin hwara ni ke tashi in juya ki, don uwarki ta samu barci.”

Na ce, “Kin sani, kuma ba ki faɗa ba?”

Ta ce, “Kina 'yar shekara huɗu uwarki ta roƙe ni kada in gaya ma kowa. Na ce mata ba mai ji a bakina. Da na tsaya ina kallonki ran nan, kin ɗauka so nake ki yi magana? Tsoro nake kada ki yi. Na san bakinki. Shi ya sa na yi maza na ce su matsa.”

Na kife kai a kan gwiwa. Shekara goma sha biyar ina ganin kallon nan, ina fassara shi roƙo. Na yi kuka sosai, ta bar ni na yi. Har na fara jin wani sauƙi yana shigata, irin na wanda aka ce masa ba komai. Na ɗago na ce, “To Iya, kin yafe mana?”

Ta ce, “Uwarki na yahe mata tun kahin in kai ƙohwar gidanku. Tsoro ta ji, ni ma uwa ce, na san shi. Shirun da kika yi ma ban riƙe ba, yarinya ce ke, ga aure gabanki.” Ta jawo faifanta ta ɗora a cinya. “Amma akwai abin da na kasa ganewa, na juya shi na juya. Daren da kika kara mani waya a baki, ba yaro kwance, ba Gwaggonki, ba mai tsare ki. Ina barci a ɗakinku. Mi na yi maki?”

 Ta jira ni. Ba faɗa take ba, da gaske take son ta ji. Na zauna a gabanta, mace mai 'ya'ya huɗu, mai bakin da ba ya shiru, har inuwar ɗorawar ta matsa daga kanmu. Da ta ga ba amsa, ta kira jikarta ta ce a kawo mini ruwa, wai na sha rana. Ta ci gaba da tsintar kalwarta.